Gishiri da maƙoƙo: wa ke duba buhun da ke tsallako iyaka?

Tun daga ƙarshen watan Yuli na shekarar 2023, lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Yamai kuma ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, hirar ƴan kasuwa a Birnin Ƙonni da Illela, da Dan Isa da Jibiya, da Magarya da Maigatari, ba ta wuce ta farashin shinkafa da man girki da kuɗin mota ba. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, an sake buɗe iyakar Nijar da Nijeriya a watan Maris na 2024, amma gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, abin da ya sa manyan motoci da dama suka koma bin hanyar Lome zuwa Burkina Faso tare da rakiyar sojoji. A duk wannan kai-da-kawo akwai wata haja da ba a cika ambatonta ba, domin ba ta da tsada kuma ba ta taɓa yankewa a kasuwa: gishiri. Abin tambaya a nan ba farashinsa ba ne, a'a, abin da ke cikinsa ne, da kuma wanda ke da alhakin dubawa.

Domin mai karatu ya fahimci inda aka dosa, sai mun fara daga wuyan ɗan Adam. A gaban maƙogwaro, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata ƴar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi wadda likitoci ke kira tayiroyid. Nauyinta a jikin babban mutum bai wuce giram 15 zuwa 25 ba. Aikinta shi ne haɗa wasu sinadarai na saƙo, waɗanda ake kira homon, guda biyu, T4 da T3, ta zuba su cikin jini. Su ne ke tsara saurin bugun zuciya, da ɗumin jiki, da yadda jiki ke ƙone abinci, da girman yaro, uwa-uba kuma ginuwar ƙwaƙwalwa. Ba ta iya haɗa su sai da sinadarin aidin, wanda waɗanda suka yi lakkol ke kira iyod. Lambobin nan 4 da 3 ma adadin ƙwayoyin aidin ne da ke maƙale a jikin kowanne. Ita kuma tayiroyid tana da uwargijiya, wata ƴar tsoka kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke aiko mata da umurni ta hanyar wani homon mai suna TSH. Idan kaya suka yi ƙaranci a cikin jini, sai uwargijiyar ta ƙara matsa lamba, kamar dai uban gida da ke ta aike wa yaron shagonsa alhali sito ba kowa. Tsokar ta yi ta ƙoƙari, ta yi ta kumbura domin ta kamo ɗan abin da ya rage. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo.

Abin da jiki ke bukata kuwa bai taka kara ya karya ba. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutum na bukatar maikurogiram 150 a rana, mace mai ciki ko mai shayarwa kuma 250. Maikurogiram ɗaya shi ne giram ɗaya a raba shi gida miliyan. Idan aka tara abin da mutum zai bukata cikin shekara 70, bai kai giram 4 ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Matsalar ita ce jiki ba ya iya ajiye na shekaru, dole a riƙa samunsa kaɗan-kaɗan. Ƙasar nomanmu kuwa, mai nisa da teku, ba ta da shi sosai, don haka gero da dawa da wake da suka tsiro a kanta su ma ba su da shi. Kifin teku yana da shi, to amma mutum nawa ne a ƙauyukan Tawa ko Damagaram ke cin kifin teku a kowane mako?

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu a kasuwanni, cewa gishirin teku yana zuwa da aidin ɗinsa. Ba haka ba ne. Abin da ke saura a cikinsa bayan ruwan ya bushe ɗan ƙanƙane ne ƙwarai. Haka kantu da ɓezan Balma, da gishirin Fogha, da mangul, duk da darajar da suke da ita wajen makiyaya da masu girki, ba za a dogara da su wajen biyan wannan bukata ba. Sai an zuba sinadarin da hannu, galibi a siffar wani farin gari mai suna fotasiyam ayodet, wanda ake jiƙawa a fesa wa gishirin kafin a ɗura a buhu.

Maƙoƙo shi ne abin da ido ke gani, shi ya sa ake maganarsa, amma ba shi ne babbar asarar ba. Ɗan tayi a watannin farko ba shi da tayiroyid mai aiki. Tasa ba ta fara komai sai wajen mako na 12, kuma ba ta tsayawa da ƙafarta sai kusan tsakiyar goyon ciki. Kafin nan ƙwaƙwalwarsa na ginuwa ne da homon ɗin uwarsa, ita kuma uwar dole jikinta ya ƙara yawan abin da yake haɗawa da kusan rabi. Idan ƙarancin ya yi tsanani, ana samun ɓari, ko haihuwar gawa, ko a haifi yaro da zai tashi kurma, bebe, wada, mai raunin hankali. An tabbatar da haka ne a tsaunukan Fafuwa Niyu Gini, inda Peter Pharoah da Basil Hetzel da abokin aikinsu suka yi wa wasu iyalai allurar mai mai ɗauke da aidin, wasu kuma allurar ruwan gishiri kawai. Sakamakon da suka buga a 1971 ya nuna cewa matan da suka sami aidin kafin su ɗauki ciki kusan ba su haifi irin waɗannan yara ba, waɗanda kuwa aka yi wa bayan cikin ya yi nisa, aikin gama ya riga ya gama. Idan ƙarancin bai yi tsanani ba, yaron zai fito lafiya lau a ido, sai dai a aji ko a makarantar allo a ga karatu na yi masa nauyi. Wani nazari na 1994 da ya tattara bincike 18 ya gano bambancin maki kusan 13 a gwajin kaifin basira tsakanin al'ummomin da ke fama da ƙarancin da waɗanda ba sa fama da shi. Masana sun yi ta muhawara a kan ainihin girman wannan adadi, amma ba a kan cewa asarar tana nan ba. Kuma irin wannan asara ba a rama ta da magani daga baya.

Maganin dai tsoho ne. Wani Bafaranshe, Bernard Courtois, ya gano aidin a 1811, likita David Marine ya gwada shi a kan ƴan mata ƴan makaranta a garin Akron na Amurka daga 1917, Suwizalan ta fara sayar da gishiri mai aidin a 1922, jahar Mishigan ta bi baya a 1924. Sai a 1994 ne Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bukaci kowace ƙasa ta sa sinadarin a duk gishirin da mutane da dabbobi ke ci. A 1993 ƙasashe 113 ne ke cikin jerin masu ƙarancin aidin. Zuwa wajen 2020 sun ragu zuwa ashirin da ƴan kai. Kuɗin aikin kuma an ƙiyasta bai wuce santi 5 na dalar Amurka ga kowane mutum a shekara ba, kusan sefa 30 ke nan, dala shida a lissafin kasuwa.

Ƙasashe da dama na yankinmu sun kafa doka cikin shekarun 1990: Kamaru a 1991, Nijeriya a 1993, Nijar a 1995, Gana a 1996. Amma doka ɗaya ba ta haifi sakamako ɗaya ba, kuma dalilin kasuwanci ne, ba na likitanci ba. Nijeriya, wadda binciken 1993 ya nuna kashi 20 cikin ɗari na jama'arta na da maƙoƙo, tana shigo da galibin gishirinta ne ta jiragen ruwa, kuma ƴan kamfanoni ƙalilan ne ke tace shi su ɗura a leda. Idan hukumomin SON da NAFDAC suka tsaya a bakin tasha da ƙofar masana'anta, sun tare kusan duka. Aka wajabta miligiram 50 a kowane kilo a masana'anta, kuma a 2005 aka amince da Nijeriya a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta cimma burin. Gana kuwa tana haƙo nata ne, a tafkin Songor da ke Ada, da Keta, da Elmina, kuma cikin masu aikin akwai dubban ƙananan masu kwasa da hannu, waɗanda ba su da injin fesawa, ba su da ma'auni, ga shi dillali na tsaye da mota yana jira. Haka abin yake a wajen ƙananan masu haƙa na Fatik da Kawlak a Senegal. Nijar, wadda binciken ƙasa na 1994 ya sami maƙoƙo a wuyan fiye da ɗaya cikin uku na ƴan makarantarta, ta dogara ne da gishirin da ke shigowa daga waje, Gana na cikin manyan masu aiko mata. Ke nan lafiyar ƙwaƙwalwar jaririn da za a haifa a Mirya na rataye ne da abin da wani ya yi ko bai yi ba a bakin tafkin da ke nesa da shi da fiye da kilomita dubu.

Wannan ba zato ba ne, an auna. A tsakanin 2014 da 2015 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya ta Debis, tare da ƙungiyar Helen Keller, sun bi ƙauyukan jahar Damagaram suna karɓar fitsarin mata masu ciki da na yara ƴan shekarun makaranta, domin kusan duk aidin da mutum ya ci ta fitsari yake fita, shi ya sa ya zama ma'aunin da ɗakunan bincike suka fi amfani da shi. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna matsakaicin yara yana wajen maikurogiram 101 a kowace lita, wato da ƙyar suka haye layin 100 da ake ɗauka a matsayin wadata. Na mata masu ciki kuwa 69 ne, alhali nasu layin 150 ne. Da aka gwada gishirin gidajen, aka sami matsakaicin miligiram 5 da rabi a kilo, kusan dukkan samfuran kuma ba su kai miligiram 15 da ake bukata a matakin gida ba.

A yi lissafin kamar yadda ake yi a rumfa. A ce mace na cin giram 10 na gishiri a rana, wanda ya ma ninka abin da likitocin hawan jini ke so. Da gishiri mai miligiram 5 da rabi, abin da za ta samu shi ne maikurogiram 55, tun kafin tukunya ta ci nata rabon, domin ana ƙiyasin kusan kashi 20 cikin ɗari na tafiya wajen dahuwa. Ana bin ta 250, ta biya ƙasa da 55. Wani darasin da ke cikin binciken, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga hukumomi, shi ne cewa shekara da shekaru ana auna ƴan makaranta ne a yanke hukunci a kan ƙasa baki ɗaya, saboda su ne ke da sauƙin samu a wuri guda. Da an tsaya a kan yaran Damagaram kaɗai, da an rubuta rahoto cewa babu matsala, a rufe fayil.

To, yaya gishiri irin wannan ke wuce shingen duwan? Amsa ɗaya tana cikin ƴar kwalbar nan ta gwaji da ma'aikata ke ɗigawa a kan gishiri. Ruwan sitati ne da wasu haɗe-haɗe. Idan akwai ayodet sai wurin ya koma shuɗi. Tana da arha, tana da sauri, amma abin da take iya faɗa kawai shi ne akwai ko babu. Gishirin da aka ɗan yayyafa wa sinadari a saman buhu zai iya yin shuɗi kamar na ƙwarai. Sanin ainihin adadi sai an kai samfuri ɗakin bincike ko an yi amfani da ƙaramar na'ura mai karanta lamba, irin su kuwa ba kowace iyaka ke da su ba. Amsa ta biyu ita ce gishirin da ke shigowa da sunan na jima ko na wata sana'a, ya ƙare a tiyar mai awo. Ta uku kuma ita ce hanyoyin bayan gari, waɗanda kowane mai karanta wannan shafi ya fi marubucinsa sanin su. Duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko yadda aka yi a 2023, kaya ba sa daina tafiya, hanya kawai suke sakewa, su bar inda ake da kwalbar gwajin ma su koma inda babu kowa.

Akwai kuma rabon da ke kan ɗan kasuwa shi kansa. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Toronto a ƙarshen shekarun 1990 sun nuna cewa babban maƙiyin ayodet shi ne danshi, musamman a gishiri maras tacewa mai jawo ruwa: a cikin buhun da iska ke ratsawa, asarar na iya kamawa daga kashi 30 cikin ɗari har kusan duka, yayin da leda mai kauri da aka liƙe ta tsare mafi yawansa. Ke nan buhun saƙa da ya kwana wata biyu a bayan tirela, ya sha raɓar gaɓar teku, aka jibge shi a ƙasa a sito cikin damina, sannan aka zazzage shi a faranti a rana ana awo, ba lallai ba ne ya kai wa mai saye abin da ya baro masana'anta da shi. Sai dai kada a ɗora wa mai kiri laifin da ba nasa ba. Ajiya mai kyau tana tsare abin da aka zuba ne, ba ta ƙirƙiro wanda ba a zuba ba tun farko.

Wani abin da ya sa yankinmu ya fi wasu bukatar a yi hattara shi ne abincinmu. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Darfur ta Sudan sun lura cewa maƙoƙo ya fi yawa a ƙauyukan da gero ne cimarsu, a kan garuruwan da ake haɗawa da dawa da alkama. A 1989 Eduardo Gaitan da abokan aikinsa suka nuna a ɗakin bincike cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai da ke kawo cikas ga injin da tayiroyid ke amfani da shi wajen ɗaura aidin, kuma sun fi taruwa ne a cikin dusa. Haka rogon da bai sha jiƙo da kyau ba, kamar yadda binciken da aka yi a yankin Ubangi na tsohuwar Zayar ya nuna. Ba wanda ke cewa a bar fura ko tuwon gero, kuma surfen da matanmu ke yi yana rage wani abu. Abin nufi shi ne waɗannan abubuwa sun fi yin illa ne inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Mai cin gero kullum shi ne bai kamata a sayar masa da gishirin banza ba.

Abin mamaki, ɗan taimakon da ake samu yana zuwa ne ta wata ƙofa da ba a zata ba, wato dunƙulen miya. Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne, kuma idan kamfani ya yi amfani da mai aidin, to kowace miya na samun wani abu. Wani bincike da aka buga a 2017 daga arewacin Gana ya gano cewa fiye da kashi biyu cikin uku na aidin da yaran wurin ke samu a abinci daga dunƙule yake fitowa. Wannan ba dalilin ƙara yawan dunƙule a tukunya ba ne, domin hawan jini na nan yana jira, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada gishirin da mutum ke ci ya kai giram 5 a rana. Amma yana nuna cewa dokar da ta tsaya a kan buhun gishiri ta manta da masana'antar dunƙule da gidan burodi, ta bar ƙofa a buɗe.

Kada kuma a ɗauka cewa yawan sinadarin shi ne alheri. A tsakiyar shekarun 1990, bayan an fara sa aidin a Zimbabuwe da yankin Kibu na Zayar ba tare da sa ido sosai ba, wasu buhuna suka fito da ninkin-ba-ninkin abin da ya kamata, likitoci suka fara ganin ƙaruwar masu ciwon da tayiroyid ke wuce gona da iri: rama ba dalili, bugun zuciya da sauri, gumi, karkarwar hannu. Ya fi kama manya masu tsohon maƙoƙo mai ƙulalai, wasu ma sun rasa rayukansu. Wannan ne ya sa a 1996 aka rage shawarar zuwa miligiram 20 zuwa 40 a kilo a wajen sarrafawa. Don haka mai fesawa da ka, ba ma'auni, yana iya cutarwa ta fuska biyu. Shi kuwa wanda maƙoƙonsa ya riga ya girma ya daɗe, gishiri ba zai narkar da shi ba, tsaga da ƙaho ma ba za su yi ba, balle shan ruwan aidin ɗin wanke ciwo, wanda guba ne. Ba kowane kumburin wuya ba ne ma na ƙarancin aidin. Abin yi shi ne gwajin jini na TSH da hoton wuya a asibiti, daga nan likita ya san ko ƙwaya ce ko tiyata.

Abin da ke tayar da hankali a yau shi ne idanun da ke kallon wannan lamari suna raguwa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025. Nijar na nan a cikin UEMOA tare da Senegal da Togo da Benin, amma Gana da Nijeriya ba mambobinta ba ne, ke nan teburin da mai haƙo gishiri da mai cinsa ke zama tare su daidaita ƙa'ida ya ragu da ɗaya. A farkon shekarar 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rushe ayyukan hukumar USAID, wadda ta daɗe tana cikin masu ɗaukar nauyin shirin gishiri mai aidin, kuma kafin lokacin ita ce ke biyan kuɗin babban binciken nan na gida-gida da ake kira DHS, wanda ma'aikatansa ke neman a ɗebo musu gishirin girki su gwada. Illar ƙarancin aidin ba ta yin ƙara kamar ƙyanda ko sanƙarau. Idan ba a auna ba, sai bayan shekaru za a ga alamarta, lokacin da yaran da aka haifa yanzu suka shiga aji.

Manyan ƴan kasuwar da ke sarin gishiri tirela-tirela su ne ke da ƙarfin da jami'in duwan ba shi da shi, domin mai sayarwa a Ada ko Kawlak ya fi jin maganar wanda zai fasa ciniki a kan ta wanda zai rubuta takarda. Suna iya neman takardar gwaji mai nuna adadi, ba mai cewa akwai kawai ba, su kuma ɗebi samfuri daga tsakiyar buhu da ƙasansa, ba daga baki ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi ko Ƙonni, waɗanda ke iya tara kuɗin gyaran rumfuna da na maigadi, ba za su gaza sayen na'urar awo guda ɗaya a ajiye a ofishinsu ba. Mai kiri kuma ya zaɓi buhu mai leda a ciki, ya ɗora shi a kan katako, ya fara sayar da tsohon kaya kafin sabo, ya riƙa zazzago na yini ɗaya kawai, sauran ya ɗaure bakinsa a inuwa.